Haruffa Biyu da Sunka Kusa Kada Kasuwar Albasa

In na ce muku da babban yatsan nan nawa, wanda ko tuwo mai zafi ba ya iya gutsura, na taɓa kusan kada kasuwar albasar Aliero gaba ɗayanta, za ku ce Labbo ya fara. To ku ce. Wanda bai yarda ba, ga mashin nan a waje, ya zo in goya shi mu tahi Danwarai. Malam Bube na nan da ransa da lahiyarsa, ya tambaye shi. Amma ya sauka nesa da gidan, kuma kada ya ce ni na kawo shi.

Ku samarin da kuke tarewa bakin shagona kuna cajin waya kyauta, kuna cewa wai Labbo ba shi da sana'a, danna waya kawai yake ana kiransa ma'aikaci, ku matso kusa. A takarda sunan aikina hulɗa da jama'a. A baki kuwa, ni ne bakin mutumin da bai iya magana ba, ni ne kuma kunnen mutumin da ba ya son jin abin da ake faɗi a kansa. Ƙungiya ce, makaranta ce, mai injin casa ne, duk wanda ke son jama'a su san shi da alheri, ni yake nema. In an yabe shi, shi anka yaba. In an zage shi, ni ake kira a ce mi nake yi.

Ba da waya na fara ba. Da amsa-kuwwa na fara, a hannun Baba Altine mai shela. Tsoho ne siriri kamar karan dawa, amma in ya buɗe murya a Jega Firchin, kaji a Kimba sai sun ɗaga kai. Yana da wani tsohon mashin da ba ya tashi sai an roƙe shi, da batirin mota ɗaure da roba a baya, da amsa-kuwwa mai lanƙwasasshen baki. Ni ke tuƙi, shi ke shela. Shekarata biyu ina tuƙa shi bai bari na taɓa makirfon ba, sai dai in goge mishi yawu.

Ranar da ya fara miƙo mini, a Kimba ne, shelar allurar shanu. Na karɓa ina rawar jiki, na zazzago maganar duka cikin numfashi ɗaya kamar wanda kare ya biyo, na miƙa mishi ina jiran yabo. Sai na ji ranƙwashi a ƙeya.

"Wa kag gaya ma?" in ji shi.

Na ce, "Jama'a, Baba."

"Wace jama'a? Waccan tana daka, wancan shina alwala, wancan kuma bahillace na, rabin maganakka yaj ji. Shela sau ukku akai. Na hwarko don su yi shiru, na biyu don su ji, na ukku don su iya gaya ma wani."

Sai ya karɓa ya yi ta sau uku, ya ƙara da Fulatanci. Kuma akwai abin da yake yi da a lokacin na ɗauka tsufa ne. Duk shelar da anka ba shi, sai ya tsaya gindin bishiya ya faɗe ta da ƙarfi shi kaɗai, ba makirfo, yana sauraren kansa. In kalma ta yi mishi karo a kunne, ya canza ta. Ni kuwa ina kan mashin ina dariya a ciki, ina cewa tsohon nan ya fara hira da aljanu.

Da wayoyin shafa sunka cika gari, Baba Altine ya jingine amsa-kuwwa, ni kuma na ɗauki shelar na zuba ta cikin aljihu. Kayan aikina yanzu ga su: waya biyu, ɗaya mai ido mai kyau don hoto, ɗaya mai riƙe caji kamar raƙumi da ruwa. Fawa bank wanda nauyinsa ya karkatar mini da kafaɗa. Sai sanin inda sabis yake kwana. Akwai wata tsamiya a hanyar Maiyama, in ka tsaya ta gabas da ita bidiyo zai tafi, in ka matsa taku uku yamma sai dai ka aika da tsuntsu. Wannan ba a koyar da shi a makaranta.

Sannan guruf-guruf, wato zaurukan hira na cikin waya. Na manoma daban, na dillalai daban, na direbobi daban, na 'yan kasuwan kudu masu zuwa da manyan motoci daban. Kowane da harshensa. Manomi ba ya son rubutu, saƙon murya yake so, ya kunna yana ban ruwa. Ɗan kasuwa ba ya son gaisuwa mai tsawo, hoto yake so da magana guda. Direba kuwa ka gaya mishi hanya lahiya ko ba lahiya, shi ke nan. In ka aika wa manomi saƙon ɗan kasuwa, ya ce ba ka da ladabi. In ka aika wa ɗan kasuwa saƙon manomi, ya ce ba ka da aikin yi.

Akwai ranar da wata shugabar makaranta a Jega, Madam Saratu, 'yar kudancin Kaduna ce, ta kira ni in ɗauki hoton sabon ajin da sunka gina a sa a shafinsu. Na ɗauka, na gyara haske, na ɗora. Ban lura ba ashe akwai akuya kwance ƙarƙashin allo. Kafin azahar mutane na tambaya aji nawa take, kuma ko ta biya kuɗin rigar makaranta. Madam ta kira ni ta ce, "Malam Labbo, ka cire ɗalibar nan ko in cire ka." Tun ranar nake duba kusurwa huɗu na hoto kafin in duba tsakiyarsa. Wani mai injin casa a Maiyama kuma ya ce in rubuta shinkafarsa ba tsakuwa ko ɗaya. Na ce a dafa in ci tukuna. Loma ta biyu haƙorina ya ba da shaida. Na ce, "Alhaji, ko dai ka gyara rariya, ko ka nemi wani maƙaryacin, ni haƙorana sun ƙare." Ya gyara. Yau shi ke gode mini.

To yanzu ga shekarar da nake ce muku. Abin dariyar shi ne, ba mugunyar shekara ba ce. Shekara ce da albasa ta yi kyau irin wanda tsofaffi sunka ce ba su taɓa gani ba. Ja wur, ga nauyi, ga faɗi, wata in ka ɗora ta kan faifai sai ka nemi faifan ka rasa. Ni ke riƙe da shafin wata ƙungiyar masu albasa, shugabanta Alhaji Modi, mutum mai tumbi da saurin fushi da saurin hucewa. Saura kwana biyu kasuwa ta ci, ya kira ni da safe.

"Labbo, shelanta ma duniya. Ka ce albasab bana ta yi hwaɗi, su taho da motoci."

Mu nan hwaɗi muke cewa, a rubutu kuma faɗi ne, kun sani. Ina zaune wurin mai shayi, hannun dama cikin ƙosai, hannun hagu kan waya. Da yatsa ɗaya na buga. Abin da na yi niyyar rubutawa shi ne, albasar bana ta yi faɗi. Abin da yatsana ya rubuta kuwa, ga shi, na haddace shi kamar sunana:

"Albishirinku 'yan kasuwa! Albasar Aliero ta bana ta fadi. Ku taho da motocinku."

Kun ga abin da ya ɓace? Yi. Haruffa biyu. Ba su kai ƙwayar gero ba. Da baki ne, ko jariri ba zai ruɗe ba, don faɗin faifai daban yake fita a murya, faɗuwar kasuwa daban. Amma rubutu ba shi da murya. Na tura shi guruf huɗu da shafin ƙungiya, da tambarin ƙungiya a samansa, na lashe yatsa, na hau mashin na tahi wani ƙauye bayan Maiyama ɗaukar hoton rijiyar da anka gyara. Wurin da ko aljani ba ya samun sabis.

Sai bayan la'asar na iso gindin tsamiyar nan. Wallahi wayar ta fara rawa a aljihuna kamar an saka kaza a buhu. Kira a kan kira, saƙo a kan saƙo. Na farko da na ɗauka Alhaji Modi ne.

"Labbo! Kai ɗan wa ne a garin ga? Wa yab biya ka?"

"Ranka shi daɗe, biya na mi?"

"Karanta abin da ka rubuta! Da ƙarfi! Ina jin ka!"

Na buɗe na karanta da ƙarfi. Ban kai ƙarshe ba na ga ɓarnar da yatsana ya yi.

Ga abin da ya faru kafin in dawo. 'Yan kasuwan kudu sun ga ƙungiya da kanta ta ce kaya ya faɗi, sunka kira dillalansu sunka ce kada wanda ya saya a farashin jiya. Dillalai sunka naɗe hannu. Manoma sunka ji dillalai sun naɗe hannu, sunka ce lalle gaskiya ne. Mutumin da ya jera albasarsa a rudu, wato gadon karan da ake ajiye ta ta sha iska har kasuwa ta yi kyau, ya fara kwashewa yana durawa a buhu, wai ya sayar tun ba ta ƙara faɗuwa ba. In kuwa kowa ya juye kayansa a kasuwa rana ɗaya, to ba sauran ƙarya, ta faɗi ɗin da gaske. Wahalar rani guda, ban ruwa da dashe da kwanan fadama, za ta tahi a kan haruffa biyu. Aikina kuwa ba a ma maganarsa.

Sai na yi abin da kowane ɗayanku zai yi, na goge saƙon. Kada ku taɓa yin haka a guje. An riga an ɗauki hotonsa, yana yawo har inda ban taɓa zuwa ba. Da anka ga na goge, sai anka ce, "Kun gani? Manya sun hana shi faɗin gaskiya." Na zama gwarzon ƙarya. Sai na zauna na rubuta gyara mai tsawo, da sallama da salati, da muna masu ba da haƙuri, da kuskuren rubutu. Rubutu mai kyau, ko gwamna ya karanta sai ya yi tafi. Ba wanda ya tura wa wani. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce, "Allah ya mayar da alheri."

Kafin magariba na tahi gidan Baba Altine. Na same shi a zaure yana gyaran carbi. Na zayyana mishi komai. Ya yi dariya har sai da tari ya kama shi.

"Kafin ka aika, ka hwaɗe ta kunnenka yaj ji?"

"A'a, Baba."

"To. Yanzu kuma ka yi rubutu don ka kashe rubutu. Mutane ba takarda suka jin tsoro ba, yunwa suka jin tsoro. Wa ya hi kowa albasa mai kyau bana?"

"Malam Bube na Danwarai."

"Wa ya hi kowa hushi da kai?"

"Shi ɗin dai."

"Gobe da sahe zo ka ɗauke ni."

Da hantsi munka isa Danwarai. Malam Bube dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ba ya dariya sai da dalili, kuma dalilin bai cika zuwa ba. Munka same shi bakin rudunsa, an kwashe rabi, buhuna a tsaye, amalanke na jira. Da ya hango ni sai ya ajiye buhun da ke hannunsa a hankali. Baba Altine ya matso kunnena ya ce, "Kunna abin naka, kuma komi zai yi kada ka kashe." Na ɗaga waya, na kunna bidiyo.

Baba ya yi sallama ya ce, "Bube, ga yaron da yac ce albasakka ta hwaɗi. Na kawo ma shi."

Jama'a, na sha zagi a duniya, amma ranar na san akwai malamai a fannin. Malam Bube ya fara daga hulata ya sauko har takalmina. Ya ce kaina kamar tulun da anka manta a wuta. Ya ce yatsana ya fi hankalina tsawo. Sannan ya juya ya zaro albasa ɗaya daga rudu, ya tura ta gaban waya har ta rufe komai.

"Dibi! Dibi wagga! Wagga ta ta hwaɗi? Ɗan banza, hwaɗi ta yi! Hwaɗi! Tahin hannuna bai rufe ta ba! Ta hwaɗi a gidan uban wa?"

Ya cire hularsa ya kifa mata, hular ta tsaya a sama kamar an ɗora wa ƙato hular jariri. Ya sake ɗauko wata, ya ce wannan ƙanwarta ce. Sai kawai na ga ya ja hannu baya. Kafin in ce wani abu ta sauka a ƙirjina, ƙum! Bidiyon ya nuna sama, ya nuna ƙasa, ya nuna ƙafar Baba Altine, ana jin muryata ina cewa wayyo Allah, ana jin tsoho yana dariya. Da na miƙe, Baba ya shigo gaban waya ya gyara murya irin ta da, ya faɗa sau uku: albasa ba ta faɗi ba, faɗi ta yi, kowa ya mayar da kayansa rudu, wanda zai saya ya zo da mutunci. Ya ƙara da Fulatanci.

Na zauna kan amalanke ina kallon bidiyon. Nan ne sana'ar take, ku buɗe kunne. Ina iya yanke zagin, in yanke jifan, in bar shelar Baba kawai, in fita da mutuncina. Na ma fara yankewa. Baba ya leƙo ya ce, "In ka cire wurin da anka jefe ka, wa zai tura ma wani?" Na dubi buhunan da ke tsaye. Na tura shi yadda yake, na rubuta a ƙasa: "Ni Labbo ni na yi kuskuren, ga hukuncina." Wannan karon sai da na karanta da ƙarfi har sau uku.

Gyarana mai salati ba wanda ya tura. Amma a ga an narka wa mutum albasa a ƙirji? Kafin azahar ya shiga kowane guruf, har da waɗanda ban san da su ba. Direbobi na kunna shi a tasha. Mata na kunna shi a gidan biki. Wani ya aiko mini daga Legas yana tambaya wai ƙirjin ya warke. Kowa don dariya ya kalla, amma duk wanda ya kalla ya ga girman albasar, ya kuma ji muryar Baba Altine, wadda tun suna yara ba ta taɓa yi musu shelar ƙarya ba. Zuwa yamma amalanke sun fara komawa gida da kaya. Mutane na zazzage buhu suna sake jerawa a rudu suna zagina, ni kuwa kowane zagi daɗinsa nake ji kamar kiɗa.

Ranar kasuwa motocin kudu sunka iso reras, don ai saƙona na farko ya riga ya kira su, kowa ya taho da shirin kwasar banza. Sunka tarar da kaya kaɗan a fili, manoma zaune kan buhunansu sun harɗe ƙafa, ba mai gaggawa. Wani babban mai saye, Oga Chidi, wanda ya fi ni iya Hausar kasuwa, ya sauko daga mota yana cewa, "Ina mutumin da aka jefa? Ina tsohon mai hula? Kayan tsohon nan nake so, ko nawa ne." Aka yi ta ja, aka yi ta rantse-rantse, motar da ta zo daga nesa kuwa ba ta komawa wayam. Da rana ta karkata an saya da daraja, har ta fi ta makon da ya wuce. Alhaji Modi, wanda shekaranjiya yake tambayar ɗan wa ne ni, ya rungume ni a tsakiyar kasuwa daidai wurin ciwon.

Tun ranar sunana ya koma Ta Faɗi. Ko a masallaci in an ce a matsa sahu, sai wani ya ce, "Ta Faɗi, matso." Na karɓa. Kuma abin da ya biyo baya ya fi sunan. Yanzu manoman Danwarai da Kimba da kansu suke ɗaukar kayansu a waya tun yana gona, su yi magana da bakinsu, mai saye ya gani daga inda yake. Dillalin da da yake cewa kasuwa ta mutu alhali tana numfashi, yanzu sai ya yi tunani, don kafin ya rufe baki an tambayi guruf. Aiki na nan jibge ga duk wanda cikinku ke so, ƙungiyoyi na nema, makarantu na nema. Amma in kun ga na tsaya gindin bishiya ina karanta saƙo da ƙarfi ni kaɗai, kada ku ce na fara hira da aljanu.

Da yammacin ranar kasuwar, bayan an ɗaure motoci, na hango Malam Bube zaune kan benci wurin mai shayi, fuskarsa a sake, har ana ganin haƙori ɗaya. Na ce yau ranata ce. Na gyara hula, na je na durƙusa.

"Baba Bube, barka da kasuwa. Ka ga dai aikin waya. Yau sunanka har bakin teku, kayanka ne anka fara ɗauka. Ai ko ɗan tukuici a ba yaro."

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin benci, inda ragowar albasarsa take.

"Kai kat tura mu rijiya, kai kaj jeho igiya, yanzu kuma tukuici kaka so? Tsaya nan inda kake, kada ka motsa, in zaɓo ma babba."